Sharhi a Kan Zaɓen Furosesa da Katin Hoto ga Mai Ƙaramin Ƙarfi



Mas'alar da za mu duba yau, ko da yake a zahiri ta shafi wasa, a haƙiƙa mas'ala ce ta dukiya da yadda ake sarrafa ta, domin kuwa saurayin da ya shafe watanni yana tara ɗan abin da yake samu daga koyon sana'a ko daga alawus ɗin makaranta, da niyyar ya harhaɗa kwamfutar tebur wadda zai riƙa buga wasanni a kanta, idan ya isa kasuwa, ko ta titin Beirut ce a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village ta Ikeja, zai tarar da sunaye da lambobi sun yi masa yawa, kowane mai shago yana yabon hajarsa, alhali kuɗin da ke aljihunsa ba su isa a yi kuskure da su sau biyu ba. Saboda irin wannan saurayi, da kuma iyayen da wani sa'in su ne suke cika masa kuɗin, na ga ya kyautu mu zauna mu warware al'amarin a tsanake.

Kwamfutar wasa tana da rukunai da dama, amma guda biyu ne suke cinye mafi yawan kuɗi, su ne kuma suke yanke hukuncin ko wasa zai tafi sumul ko zai riƙa sarƙewa: furosesa da katin hoto. Furosesa ita ce mai hisabi da tsara al'amura. Ita ce take sanin inda ƙwallo zai faɗa idan an buga shi, da abin da 'yan wasan ɗaya ɓangaren za su yi, da maɓallin da ka danna a hannunka. Katin hoto kuwa aikinsa shi ne ya ɗauki wannan tsari ya mai da shi hoto, da haskensa da inuwarsa da launinsa, ya miƙa wa allon kallo. Wanda ya san yadda ake aikin babbar riga a Zariya ko Kano zai fahimci wannan da sauƙi, gama akwai mai zane guda ɗaya, galibi malami mai kyakkyawan hannu, wanda yake fitar da aska da tambari a kan ƙyalle, akwai kuma masu ɗinki da yawa waɗanda suke bin zanen da allura, kowa da gefen da aka ba shi. Idan mai zane ya yi nawa, masu ɗinki su zauna zaman jira komai yawansu, idan kuwa masu ɗinki ne suka yi kaɗan, zane ya taru jibgi ba tare da riga ko ɗaya ta fita ba. Furosesar da talaka zai saya tana da cibiyoyin aiki 4 ko 6, kowace mai ƙarfi da saurin fahimta, alhali katin hoto matsakaici irin Radeon RX 6600 yana ɗauke da ƙananan ma'aikata 1,792, ba wanda ya iya wani abu mai zurfi a cikinsu, sai dai dukansu suna aiki a lokaci guda.

Kamfanoni uku ne suke riƙe da wannan kasuwa, dukansu kuwa mazauninsu garin Santa Clara ne a jihar Kalifoniya ta Amurka: Intel, wanda aka kafa a 1968, da AMD a 1969, da Nvidia a 1993. Intel da AMD su ne masu furosesa. Nvidia da AMD su ne manyan masu katin hoto, tun da AMD ya sayi kamfanin ATI na ƙasar Kanada a 2006. Intel kuma ya shigo fagen kati da samfurinsa na Arc a 2022. Wannan ya isa a game da tarihi, sai dai in ƙara da cewa son kamfani ɗaya da ƙin wani, irin wanda matasa suke yi kamar magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallo, ta'assubanci ne wanda ba ya amfanar mai saye da komai.

Sharaɗi na farko, wanda ya wajaba a cika shi tun kafin a fita daga gida, shi ne mutum ya tambayi kansa wane wasa zai buga, a kan wane allo kuma. Dalili kuwa a fili yake idan aka yi lissafi. Allon da aka fi samu, wanda ake ce wa 1080p, yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, watau ɗigo 2,073,600 ke nan, kuma domin motsi ya zo wa ido daidai ana so a sabunta hoton sau 60 a kowane sakan, wanda ke nufin katin zai fitar da ɗigo fiye da miliyan 124 a cikin sakan guda. Allon da ake kira 4K ya ninka wannan har sau huɗu. Saboda haka mai ƙaramin ƙarfi ya tsaya a kan 1080p da zuciya ɗaya, kada ya bari girman allo ya ja shi zuwa ga kashe kuɗin da ba shi da su. Haka nan wasanni ba nauyinsu ɗaya ba. Dota 2 da League of Legends da Valorant an gina su ne domin su yi tafiya a kan na'urori masu rauni. GTA V, wanda ya zo kwamfuta a 2015, ya tsufa har ya zama mai sauƙi. Wasan ƙwallo na eFootball, wanda dā aka sani da PES, da takwaransa na FIFA da ya koma EA Sports FC a 2023, suna tsakiya. Sa'an nan ga manya masu nauyi irin Cyberpunk 2077, waɗanda suke gajiyar da kati mai tsada ma. Mutumin da burinsa ƙwallo ne shi da abokansa bayan la'asar, da wanda yake son ya shiga waɗancan manyan, ba guzuri ɗaya za su yi ba.

Idan an tabbatar da wannan, sai hanya ta rabu biyu, kuma a nan ne nake so in daɗe, domin a nan ne mafi yawan hasara take aukuwa.

Hanya ta farko ita ce a sayi furosesar da aka gina mata ɗan katin hoto a cikin jikinta, a haƙura da kati na daban. A wajen AMD ana gane irin wannan da harafin G a ƙarshen lambarta, kuma wadda ta fi shahara a tsakanin masu ƙaramin ƙarfi ita ce Ryzen 5 5600G, wadda ta fito a 2021 da cibiyoyi 6, ƙimar wutarta kuwa wat 65. Fa'idarta a bayyane take: abu ɗaya ka saya ya yi maka aikin biyu, wuta kaɗan take ci, zafi kaɗan take fitarwa, kuma waɗancan wasanni masu sauƙi za su yi tafiya a kanta daidai gwargwado idan aka sassauta ƙawar hoto. Amma tana da sharaɗi guda wanda masu harhaɗawa da yawa suke sakaci da shi, kuma sakacin yana zubar da kaso mai yawa na ƙarfin da aka biya kuɗinsa. Shi katin da ke cikin furosesa ba shi da ma'ajiya tasa ta kansa, da ram ɗin kwamfutar yake aiki, saboda haka saurinsa yana rataye ne a kan faɗin hanyar da ke tsakaninsa da ram. Sandar ram guda ɗaya ta DDR4-3200 tana iya wuce da gigabayit 25.6 a sakan; idan aka sa sanda biyu a gurbin da ya dace, hanya ta zama biyu, adadin ya koma 51.2. Ke nan wanda ya sayi sanda ɗaya mai gigabayit 16 da wanda ya sayi sanda biyu masu 8 kowace, kuɗinsu kusan ɗaya ne, yawan ram ɗinsu ɗaya ne, amma na biyun zai ga wasansa yana gudu, na farkon kuwa yana ɗingishi. Ga mai bin wannan hanya, sanda biyu farilla ce. Duk da haka, domin kada a ɗora mata abin da ba za ta iya ba, a sani cewa ma'aikatan hoto da ke cikin 5600G guda 448 ne, kashi ɗaya bisa huɗu na waɗanda ke cikin RX 6600, kuma shi wancan kati yana da ma'ajiya tasa mai wuce da gigabayit 224 a sakan. Tazarar da ke tsakaninsu mai nisa ce, ba dabarar da za ta cike ta. Akwai sababbi irin Ryzen 5 8600G na 2024 waɗanda suka fi ƙarfi, sai dai suna buƙatar madabod na AM5 da ram na DDR5, idan kuwa aka haɗa kuɗin waɗannan duka, sau da yawa sai a ga an kusanci farashin hanya ta biyu ba tare da an sami ƙarfinta ba.

Hanya ta biyu ita ce a sayi furosesa marar hoto a haɗa ta da kati na daban, kuma ƙa'idar da nake riƙe da ita a nan, wadda kusan ijma'in masana wannan fanni yake a kanta, ita ce kaso mafi girma na kuɗi ya tafi ga kati, furosesa kuwa a tsaya a kan matsakaiciya. Hujja ita ce mafi yawan wasanni katin suke fara ƙurewa kafin furosesa, har ma idan ka duba ma'aunin aiki a lokacin da ake wasa za ka ga kati ya kai maƙura, furosesa kuwa tana da sauran sarari. Guda biyu ne suka yi suna a wannan matsayi. Ta farko Core i3-12100F ta Intel, wadda ta fito a farkon 2022 da cibiyoyi 4, harafin F kuwa alama ce cewa babu hoto a cikinta, watau in ba ka sa kati ba allo ba zai nuna komai ba. Ta biyu Ryzen 5 5600, marar G, mai cibiyoyi 6, wadda ita ma ba ta da hoto, amma an ba ta ma'ajiyar kusa ta megabayit 32 a maimakon 16 da ke cikin 5600G, kuma wasanni suna jin daɗin wannan ma'ajiya ƙwarai, shi ya sa idan aka haɗa su da kati iri ɗaya marar G take yin gaba. Duk ɗayan biyun nan ta ishi kati matsakaici, ba za ta riƙe masa ƙafa ba.

Wajibi ne in ja kunne a kan wani ruɗi da ya yi katutu a kasuwanninmu, shi ne ruɗin sunan Core i7. Mutane sun haddace cewa i7 ta fi i5, i5 kuma ta fi i3, wannan kuwa gaskiya ne kawai idan 'yan zamani ɗaya ne. Core i7-3770 ta 2012 tana da cibiyoyi 4, haka ma Core i3-12100 ta 2022, amma shekaru goma na ci gaban ƙira suna tsakaninsu, har ƙaramar ta 2022 ta yi wa babbar ta dā fintinkau a kowane wasa. Lambar da ke bin sunan ita take faɗin zamani: 3770 zuriya ta uku ce, 12100 zuriya ta goma sha biyu. Mai shagon da ya ce maka i7 ce kawai ya yi shiru, ka nemi ya faɗa maka sauran lambar, in ya ƙi kuwa ka san akwai dalili. Bugu da ƙari, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi kuwa Windows 11 a ƙa'idarsa ba ya karɓar furosesar Intel da ta gaza zuriya ta takwas, sai 'yan ƙalilan, ko Ryzen da ta gaza jerin 2000, saboda haka tsohuwar furosesa tana zuwa da wata matsala bayan ta rashin sauri.

Sai kuma a tuna cewa furosesa ba ta zama ita kaɗai, kowace tana da mazaunin da aka yi dominta a kan madabod, kuma kuɗin madabod da na ram suna cikin hisabi. A wannan babi AMD ya yi wa talaka alheri da mazaunin AM4, wanda ya fito a 2016 ya ɗauki zuriyoyin Ryzen tun daga jerin 1000 har zuwa 5000, ta yadda wanda ya sayi madabod mai B450 shekarun baya zai iya sabunta manhajar da ke cikinsa, wadda ake ce wa BIOS, ya ɗora sabuwar furosesa ba tare da ya zubar da sauran kayansa ba. Mazaunin Intel na LGA1700, wanda 12100F take zama a kansa, shi ma yana da madabod masu karɓar DDR4. Amma mai saye ya tabbatar tun a shago cewa an kunna madabod da furosesar tare sun tashi, domin tsohon madabod da ba a sabunta ba yana iya ƙin sabuwar furosesa ko da ta zauna daram a gurbinta.

Mu koma ga kati, wanda shi ne zuciyar al'amarin. Kamar yadda ake ruɗin mutane da i7, haka ake ruɗinsu da yawan gigabayit na kati, a ɗauko GeForce GT 730 a ce ai mai gigabayit 4 ne, alhali wannan kati ya fi hoton da ke cikin 5600G rauni, sayensa domin wasa kuwa almubazzaranci ne tsantsa. Ma'ajiyar kati wuri ne na ajiye kayan aiki, yawanta ba ya ƙara wa ma'aikata hannu. Abin da ake bukata shi ne kati mai ƙarfi wanda kuma ma'ajiyarsa ta wadatar, a yau kuwa gigabayit 8 shi ne mafi ƙarancin abin da zan yarda mutum ya sa kuɗinsa a kai idan yana nufin sababbin wasanni. Har wa yau akwai katunan da suke ɗauke da suna ɗaya alhali cikinsu ya bambanta. GT 1030 yana da mai ma'ajiyar GDDR5 da mai DDR4, na biyun kuwa ya gaza na farkon nesa ba kusa ba. GTX 1060 mai gigabayit 3 an rage masa ma'aikata daga 1,280 zuwa 1,152. RX 580 da ake rubuta wa 2048SP, wanda aka yi domin kasuwar ƙasar Sin ya kuma bazu ko'ina, a haƙiƙa ɗan'uwan RX 570 ne aka sauya wa suna.

Wanda na fi natsuwa da shi ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne RX 6600 da na ambata, wanda ya fito a Oktoban 2021 da gigabayit 8, yana cin wat 132, kuma yana ɗaukar kusan dukan wasanni a 1080p cikin mutunci. Wanda hannunsa ya ɗan fi tsawo yana iya duban RTX 3060 mai gigabayit 12, ko RTX 4060 wanda wat 115 kacal yake ci, ko Arc B580 na Intel da ya fito a Disamban 2024 da gigabayit 12 a kan dala 249, da sharaɗin madabod ɗinsa sabo ne mai iya abin da ake kira Resizable BAR, domin katunan Arc suna rasa ƙarfi sosai in babu shi. Akwai kuma haɗi guda da nake gargaɗi a kansa musamman, saboda yana kama da hikima ga wanda ya fara da hanya ta farko sa'an nan ya sami ɗan kuɗi: haɗa 5600G da RX 6500 XT. Shi wannan kati layuka huɗu kawai aka ba shi na magana da furosesa, an kuma yi shi ne domin zuriya ta huɗu ta hanyar PCIe, ita kuwa 5600G a zuriya ta uku ta tsaya, sai faɗin hanyar ya ragu da rabi, ga ma'ajiyarsa gigabayit 4 ce, da zarar ta cika sai wasa ya shiga sarƙewa. Wanda yake da 5600G ya daure ya ƙara tari har ya kai ga RX 6600, wanda layukansa takwas ne, hasararsa a kan tsohuwar hanya kuwa kaɗan ce.

Ra'ayina, a taƙaice, ga shi: in kuɗi sun kai a haɗa 5600 ko 12100F da RX 6600, a yi haka, in ba su kai ba, a sayi 5600G da sandar ram biyu da akwatin wuta, watau fawa-fak, nagari, a yi ƙana'a da wasanni masu sauƙi, a bar gurbin kati a buɗe har Allah ya hore. Abin da ba na so shi ne tsaka-tsakin da ba ta da amfani, watau a raba kuɗi a sayi furosesa rarrauna da kati rarrauna, a wayi gari babu ko ɗaya da ya cancanci a riƙe shi idan lokacin ƙari ya zo.

Na san da yawa daga masu saurarona kayan hannu za su saya, waɗanda ake ce wa tokumbo, kuma ban ga aibi a cikin haka ba, musamman tun da darajar naira ta faɗi bayan sakin ta da aka yi a Yunin 2023, sabon kaya ya yi wa mutane nisa. Furosesa ta hannu abar amincewa ce galibi, domin ba ta cika lalacewa ba, sai dai a duba ƙananan ƙafafun Ryzen na AM4 kada a sami wadda ta lanƙwashe. Kati ne yake son taka-tsantsan. A 2017 da kuma 2021 masu haƙar kuɗin kirifto sun saye katunan duniya suka jera su a ɗakuna suna aiki dare da rana, har zuwa 15 ga Satumba, 2022, ranar da tsarin Ethereum ya daina dogara ga irin wannan haƙa, sai katunan suka kwararo kasuwa da araha, RX 570 da RX 580 a kan gaba. Ba kowane katin da ya yi haƙa ne matacce ba, amma sau da yawa fankarsa ta gaji, man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsa da ƙarfen sanyaya ya bushe, wani kuma an sauya masa manhajar ciki. Ban da wannan, GTX 1060 da RX 580, duk da hidimar da suka yi wa talakawan duniya tun 2016 da 2017, zamaninsu yana ƙarewa, gama an fara fitar da wasanni irin Indiana Jones and the Great Circle na ƙarshen 2024 waɗanda suka shar'anta kati mai iya bin sawun haske, abin da waɗannan tsofaffi ba su da shi. Mafi muni kuma su ne katunan jabu, inda ake ɗaukar tsohon GTS 450 a sauya masa manhaja ya riƙa kiran kansa GTX 1050 Ti.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yin bayani a kan irin wannan ciniki. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san cewa algus da ɓoye aibin haja haramun ne, ya kuma san cewa mai saye yana da zaɓin mayarwa idan aibin da aka ɓoye ya bayyana. Ina kira ga 'yan kasuwarmu, waɗanda akasarinsu mutanen kirki ne masu neman halali, da su faɗi asalin kati da abin da ya yi a baya, ko da hakan zai rage musu riba. Shi kuma mai saye kada ya biya sai an ɗora katin a gabansa, an buɗe manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, ta nuna ainihin sunansa da adadin ma'aikatansa, sa'an nan a kunna wasa mai nauyi na kamar rabin sa'a yana kallo, ya lura ko hoto yana fitar da ɗige-ɗige ko layuka masu launi, ko allo yana ɗaukewa, ko fanka tana kuka, ko zafi yana haurawa ba tsayawa. Su kuma yi yarjejeniyar kwanakin gwaji a rubuce a kan rasit, da lambar jikin katin.

Saura abin da littattafai da masu sharhi na ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da shi ba, alhali a wurinmu shi ne yake raba kwamfutar da za ta shekara biyar da wadda za ta mutu kafin damina: wuta, da zafi, da ƙura. Akwatin wuta, wanda 'yan kasuwa suke kira fawa-fak, shi ne yake karɓar wutar bango ya rarraba ta ga kowane sashe, kuma shi ne mutane suka fi yi wa rowa, su kashe dukiya a kan kati sa'an nan su sa masa akwati marar suna wanda aka rubuta wa wat 600 alhali ba zai iya rabin haka ba. Ranar da ya ƙone kuwa ba safai yake tafiya shi kaɗai ba. AMD ya ƙayyade wat 450 a matsayin mafi ƙaranci ga RX 6600, saboda haka akwati na gaskiya mai wat 500 ko 550, daga kamfani sananne, mai shaidar 80 Plus, ya wadatar. A gabansa kuma a sa sitabilaiza ko UPS, domin wutar nefa da ke hawa da sauka, da ta janareta a lokacin da ake sauyawa, su ne ajalin kayan lantarki a gidajenmu. Yawan wutar da kati yake ci shi ma abin lissafi ne, tun ba ga wanda yake rukunin Band A na masu biyan kuɗin wuta ba, inda aka kai kuɗin yunit ɗaya naira 225 a Afrilun 2024, balle wanda yake kan sola da inbata. A ɗauki misalin batir mai bolt 12 da amfiya 200: abin da ke cikinsa wat 2,400 ne na sa'a guda, in kuwa na dalma ne rabin wannan ake so a ci domin ya yi ƙarko, watau 1,200, kwamfutar da take jan wat 300 za ta cinye wannan a sa'a huɗu, mai jan 120 kuwa ta kai sa'a goma, kafin a cire abin da inbata take ci. A nan ne RX 580, mai cin wat 185, yake nuna cewa araharsa ta ranar saye ce kawai, tun da RX 6600 ya fi shi aiki nesa da ƙarancin wuta. A nan ne kuma hanya ta farko take samun hujja mai ƙarfi ga mutumin da wuta ba ta zama a unguwarsu.

Zafin bazara a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram yakan haura digiri 40, kuma fanka ba ta da abin da za ta hura wa kati sai iskar da ke cikin ɗakin, saboda haka na'urar da ta yi sanyi a gwajin Turai tana iya rage gudunta da kanta a nan domin kada ta ƙone. A zaɓi akwatin kwamfuta mai raga a gaba wanda iska take ratsawa, a bar mai gilashi ta ko'ina da fitilu masu launi, gama kuɗin fitilun nan da an ƙara su a kan kati da sun fi amfani. A ɗaga shi daga ƙasa a ɗora a kan tebur, a nisanta shi da bango, idan hunturu ya shigo kuma a riƙa buɗe shi lokaci lokaci ana hure ƙurar da ta toshe haƙarƙarin ƙarfen sanyaya, bayan an zare shi daga wuta, ana riƙe da fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima.

Akwai wata hanya ta uku da zan ambata a gurguje domin wanda ƙarfinsa bai kai ko ta farko ba, ita ce a sayi tsohuwar kwamfutar ofis irin Dell OptiPlex ko HP, waɗanda ake shigo da su da yawa, a ƙara mata ram da SSD, a sa mata kati. Tana yiwuwa, amma da iyaka: akwatin wutar waɗannan ƙarami ne, sau da yawa kuma ƙirarsa ta kamfanin ce kaɗai ba a iya musanya shi da na kasuwa, saboda haka sai katin da ba ya neman wayar wuta ta daban, wanda wat 75 na gurbin madabod ya ishe shi, irin GTX 1650, in kuwa siririyar ce, sai an nemo gajeren kati wanda zai shiga cikinta. A nemi mai furosesar zuriya ta takwas ko sama, a kuma auna tsawo da faɗin gurbin da ma'auni tun kafin a biya kuɗin katin.